Ƙwaya Ɗaya Kowace Safiya

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba saifar maigidana ta kumbura, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Daga Bagudo muka sha hanya har babban asibitin Sakkwato. Likita ya ce ciwon jini ne mai zama a jiki, ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi: ƙwaya ɗaya kowace safiya, a riƙa komawa ana auna jini. In ya daina sha, ciwon zai taso ya tafi da shi. Ni wannan magana ta ƙarshe na riƙe.

Cikin wata uku mutumin ya murmure. Ya koma fataucinsa na bandar kifi, yana tsallakawa Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, ya kwana biyar ya dawo. To, a wajenmu magani na wanda ke kwance ne. Da ka miƙe sai ka ajiye sauran. Mai lafiya ya ci gaba da sha, sai a ce ya raina sauƙin da Allah ya ba shi.

Ranar wanki na zazzage aljihun rigar tafiyarsa, sai ga ƙwayoyi biyar a tsumma, yadda na ƙulla su. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Ke, lahiyata lau. In sha magani gaban mutane, su ce mini majinyaci?"

"To tahiya ta gaba da ni za a yi."

Ya yi dariya. Ni kuwa na cika kwando da daddawa, na kai yara gidan innata, na bi ayari.

Kowace safiya a masaukin fatake sai in tsaya a kansa da ƙwaya da moɗar ruwa, a gaban kowa. Da fari kamar ya nutse don kunya. Matan ƙabilar Dendi masu sayar da abinci a can suka yi ta dariya, sai da na gaya musu dalili. Kafin tafiya ta uku, da sun hango mu sai ka ji, "Ya sha?" Shi kuma ya wangale musu baki. A can na fara cin burodin Faransa mai tsawon kamu guda, na koyi ciniki da Dendanci, na koyi zagi ma. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba.

Da cikina ya tsufa dole na zauna gida. Ya tafi shi kaɗai, kwana biyar abinci bai yi mini daɗi ba. Da ya dawo ya miƙo mini tsumman, babu komai ciki.

"Kogi ma shina iya haɗiye ƙwaya," na ce.

Sai ya zaro wani zare mai ƙulli biyar. Wata tsohuwa mai koko a masaukin ce ta aiko mini. Ba ta zuba masa koko sai ya haɗiye ƙwaya a gabanta, sannan ta ƙulla.

"Kin gama da ni," in ji shi. "Ƙasa biyu ke tsarona yanzu."

Na yi dariya har da hawaye.

Ciwon ya tafi da shi daga baya, amma sai da ya ƙara shekara shida. Cikin nan da ya hana ni tafiya, mace na haifa. Ta san ubanta, ta hau wuyansa, har yau in ta yi dariya muryarsa nake ji.