Bara'u Yawuri, Wanda Ya Fito Mana da Jabez Daga Teku

Ranar Asabar, 9 ga Agusta, 2025, da la'asar sakaliya, Muhsin ƙanen matarka ya kira ni daga Manchester. Na taso daga aiki ke nan, ina neman inda zan ajiye mota a layinmu na Aston. Ya ce, "Baban Jabez, daga Allah muke, gare shi za mu koma. Bara'u ya rasu." Na tambaye shi ko haɗarin mota ne, don na san yadda kake zirga-zirga a hanyar Wales duk mako. Ya ce a'a, ruwa ne. Na kashe mota na daɗe a zaune, ina tunanin yadda zan shiga gida in gaya wa matata Monica cewa teku ya sake yi mana.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne Malam Bara'u Usman Yawuri, ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya a Manchester, mazaunin Old Trafford, mai shekara arba'in da uku. Idan lokacin zafi ya zo, ranakun hutunka ba naka ba ne. Kana cikin 'yan sa-kai masu ceto a wata gaɓar teku ta arewacin Wales, waɗanda ake kira idan abu ya fi ƙarfin masu gadin bakin ruwa. Kai ke tuƙa babur ɗin ruwa mai jan allo a baya, wanda ake ɗora mutum a kai. Ka sha gaya mini cewa a kogin Yawuri ka koyi iyo tun kafin ka shiga firamare, amma sai da ka zo ƙasar nan ka koyi jin tsoron ruwa.

Ni da kai ba a wurin farin ciki muka haɗu ba. A watan Yuli na 2022 cocinmu ta ɗauki shatar bas daga Birmingham, muka tafi shan iska da iyalanmu. Ɗana Jabez yana da shekara goma sha tara, ya gama shekararsa ta farko a jami'a. Ya shiga ruwa da abokansa, bai wuce ƙirji ba. Akwai tutoci masu ja da rawaya can gefe, a tsakaninsu ake so a yi wanka, amma a cikinmu babu wanda ya san haka. Igiyar ruwa ta ja shi ciki muna kallo.

Kun yi ta nema har rana ta yi sanyi. Monica tana birgima a yashi tana cewa a fito mata da ɗanta, Turawa sun kewaye ta sun rasa yadda za su yi. Sai ga wani ya fito daga ruwa, ya cire hular kwano, ya durƙusa a gabanta ya ce da Hausa, "Sannu, Yaya. Na ji ki. Sunana Bara'u, ni na gida ne." Ta kama hannunka ta ƙi saki. Na ja ka gefe na tambaye ka ko akwai sauran rai. Ka ce, "Baban yaro, ba za mu daina nema ba. Amma da sanyin ruwan nan da lokacin da ya wuce, ba zan yaudare ka ba." Maganar ta yi mini ɗaci ƙwarai. Daga baya na gane kai kaɗai ne a ranar ka ɗauke ni a matsayin uba, wanda ya kamata a gaya wa gaskiya.

Ka ɗauki hutu daga aiki ka zauna tare da masu nema. Bayan kwanaki kai ka gano shi tsakanin duwatsu. Ba ka bari na matso ba sai da ka wanke masa yashin fuska, ka rufe shi da bargo. Ranar jana'iza ka zo Birmingham da farin kaftani, ka zauna a bencin baya na coci. Da azahar ta yi ka fita ka yi sallarka a gefen motarka, ka dawo ka sa hannu a akwatin gawa muka ɗauka tare.

Tun daga nan ba ka huta ba. Ka sayi tutoci biyu kana yawo da su masallatai da coci-coci, kana bayani. Ka roƙi council, wato hukumar gari, ta ba ka awa ɗaya a wurin iyo ranar Lahadi, ka samo mace mai koyar da mata, kana zuwa Birmingham wata-wata kana haɗa yara kusa da Edgbaston. Mutanenmu sun yi maka dariya. Wani ya ce maka a gabana, "Malam, mu da muka zo neman abinci, ina mu ina iyo?" Wata rana yara uku kacal suka zo, biyu naka ne, ta ukun 'yata Bethany. Ka koyar da su kamar wurin cike yake. Ni ma da furfurata ka lallashe ni na shiga. Ka tallabe mini ƙeya kana cewa, "Kada ka yi kokawa da shi, Baban Jabez. Kwanta kawai ka kalli sama." Na kwanta, ruwa ya ɗauke ni, na fashe da kuka, don na ga ƙanƙantar abin da ɗana bai sani ba. Ba ka janye hannunka ba.

Abokan aikinka sun ba mu labarin ranar Asabar ɗin. Iska ta kwashi wasu 'yan'uwa biyu mata da ke wasa a kan katifar roba, ta nufi da su wajen duwatsu. Ka isa gare su, ka ɗora ƙaramar a allo, ka miƙa babbar ga abokin tafiyarka. Kafin ka juya igiyar ruwa ta kife babur ɗin, ta buga ka da dutse. Yaran sun tsira. Kai kuwa an fito da kai, jirgi mai saukar ungulu ya kai ka asibiti, amma ba ka farfaɗo ba. An yi maka sutura a Manchester bayan hukuma ta gama bincikenta. Na tsaya a baya lokacin da ake maka salla, abokan aikinka Turawa suna gefena da rigunansu na ceto, manyan maza suna share hawaye.

Mutane suna ta cewa aikinka zai ɗore. Ina so in yarda, Bara'u, amma ban ga alama ba. Awar da council ta ba ka an riga an ba wasu. Babu wanda ya fito ya ce zai ɗauki tutocin nan. Bethany, wadda ta fi kowa ƙwarewa a ajinka, ta ce ita da ruwa har abada, kuma ban iya yi mata musu ba. Idan teku bai bar wanda ya san shi kamar kai ba, me zan ce mata? Sati bai zagayo ba muka ji an sake rasa wani matashi a wata gaɓar. Baɗi zafi zai dawo, a cika bas da yaranmu a tafi, kuma ba kowa a bakin ruwan da zai ji kukan uwa da Hausa ya amsa mata.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da alheri a kan kowane rai da ka fito da shi, da kowace gawa da ka mayar wa iyayenta da mutunci. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya a Yawuri, wadda ba ta samu ganin fuskarka ba, da Muhsin, da 'ya'yanka Inaya da Nuru, da abokan aikinka. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun nan.

Firdausi, matar ƙanena Bara'u, ba ni da kalmar da za ta rage miki komai, mun gwada duka a gidanmu ba su yi ba. Monica za ta hau jirgin ƙasa ranar Juma'a ta zo. Ta ce kada ki dafa komai, kada ki yi mata hira. Zama kawai za ta yi kusa da ke.

Gamaliel Bobai
Aston, Birmingham