Makwarwa Biyu da Idon Baba

Aikin da na fara yi a Amurka kallon tsuntsaye ne, har yau in na faɗa a gida sai a yi min dariya. Ofishinmu yana garin Beltsville, wani ɗaki marar taga. Can a kurmin Kudancin Amurka ake ɗaure kyamarori a gindin bishiyoyi, duk abin da ya gifta su ɗauke shi, a turo mana hotunan. Namu shi ne mu zauna gaban kwamfuta mu rubuta ko wane tsuntsu ne.

Akwai wasu guda biyu da suka sha min kai. Kamar makwarwa suke, gajeru, masu kiwo a ƙasa cikin busasshen ganye, girma ɗaya, launi ɗaya. Dattijon da ya samo min aikin shi ya koya min su. Bakano ne, ɗan gidan maharba, kowa Baba yake ce masa, har Turawan ofis.

"Kai dai kanka da tauri yake," ya ce min. "Daina kallon fiffike. Dubi fatar da ta zagaye ido. In ja ce, ta farko ce. In rawaya ce, sauka ƙirji, za ka ga ɗigo-ɗigon fari. Wannan ita ce ta biyu."

Tsarin aikin, Baba ya fara rubutawa, ni in bi baya in duba. In muka saɓa, sai in sa alama shugabarmu, wata Baturiya, ta gani. Shekara uku ban taɓa sa alama ba, don Baba ba ya kuskure.

Wata Talata na ga mai jan zagaye ɓaro-ɓaro, Baba ya rubuta rawaya. Na daɗe ina kallon hoton. Ni in kai ƙarar mutumin da ya girmi mahaifina wajen Baturiya? Wanda matarsa ke aiko min da tuwo a kula? Na goge, na gyara, na ja bakina na yi shiru. Har daɗi na ji, wai na yi tarbiyya.

Mako na gaba uku na gyara. Daga nan na daina ƙirgawa. Na ga yana matso da fuska jikin allon kwamfuta, yana ƙara haske har ya dami ido. Na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. Na san yana da ciwon suga. Na kuma san kullum ƙarfe uku yakan ɗauki makullin mota ya je garin College Park ɗauko jikarsa daga makaranta, 'yar shekara shida. Duk lokacin da na ji ƙarar makullin nan sai in tuna da idonsa. Tsoro nake ji, wallahi, amma kunya ta fi ƙarfina.

Ran wata Juma'a ya ɗauke ni zuwa masallaci kamar yadda ya saba. Rana tana dukan gilashi. Tun daga nesa na hango danja ta nuna ja, na jira in ji ya taka birki. Bai taka ba. Wata babbar mota ta taso daga dama tana danna oda da ƙarfi, iskarta ta girgiza mu, muka wuce da ƙyar.

"Ai rawaya ce," in ji shi.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ja ce ko?"

"Ja ce, Baba."

Yana kallon gabansa ya sake tambaya.

"Tsuntsayen nan fa? Na yi mamaki ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba."

"Ina gyarawa."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya juya ya dubi kujerar baya, inda ƙaramar kujerar jikarsa take ɗaure, da robar ruwanta a kai.

"Wata bakwai," ya ce a hankali. "Kullum a nan take zama, kana kuma jin fitata."

Ya zare makullin ya ajiye min a cinya. Daga ranar bai sake tuƙi ba, bai kuma sake ce min kaina da tauri ba. Sai gaisuwa kawai, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo.