Katin Da Baffa Ya Hura Wuta Da Shi

Wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji uku. Inna ta goya ƙanwata Hadiza, na riƙe mata jaka, muka shiga motar kasuwa daga Karofi zuwa Dutsin-Ma don allurar rigakafin tarin shiƙa. Malamar asibitin, wata Kirista 'yar kudu, ta tsira wa Hadiza allura a cinya, ta miƙo kati ta ce, "Jikinta zai yi zafi, kada ku tsorata. Matattun ƙwayoyin cutar ne a ciki, jini ke koyon gane su. Saura biyu, ku dawo."

Kafin la'asar jiki ya ɗau zafi, cinya ta kumbura. Sai ga Baffa Sale, wan mahaifinmu. Mutumin nan shara ya yi ta wata uku a wani ɗakin shan magani, tun daga nan ya soke biro a aljihu, alhali ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya latsa cinyar, ya taɓe baki, ya ce, "Guba ce. Ina aka taɓa ganin magani ya kawo zazzaɓi?" Ya sa wanzami ya yi mata ƙaho, katin kuma ya cusa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Baba bai iya musa wa wansa ba, ba a ƙara kai ta allurar ba. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka don kansa, Baffa ya bi majalisa yana cika baki shi ya ceto yarinya.

Da kaka, muna sussukar wake, tari ya shigo unguwa. Ɗan maƙwabtanmu da ya cika allurarsa uku ya yi 'yan kwanaki yana tari, ya miƙe. Hadiza kuwa takan yi ta tari har numfashi ya ɗauke, sannan ta ja shi da ƙara, ta yi amai. Baffa ya ce beli ne, aka yanke. Da hantsi ta cika a bayana, ina jijjiga ta ban sani ba. Baffa ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, yana ce wa mutane kwana ne ya ƙare, biron nan na aljihunsa. Har ya bar duniya ban ƙara ganinsa da gashi a ido ba.

Yau idan jikokina suka yi zazzaɓin allura, nakan dafa goshinsu in yi hamdala. Da an bar jikin Hadiza ya ƙarasa karatunsa, da yanzu ita ma tana da nata jikokin.