Sunan da Malam Almu Bai Taɓa Furtawa Ba

Malam Almu maɗinkin hula ne a Ƙofar Kaura, kamar mahaifinsa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan allura na hannunsa, idonsa na kan zare, hankalinsa kuwa ya lula wata ƙasa. Tare muka shiga ajin manya bayan furfura ta cim mana, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Shi burinsa ɗaya ne: ya karanta saƙon ɗansa na fari, da ke aiki a Fatakwal, da idon kansa.

Wata la'asar Malama Muhsina, mai bincike daga jami'a, ta ɗaura mana wasu na'urori masu kama da agogo. Ta ce suna auna bugun zuciya da zufa yayin karatu, kuma wanda aka ga karatu na firgita shi, malaminmu zai mayar da shi ajin farko.

A kwamfutarta layin zuciyar Almu na tafiya sannu, kamar hayaƙin turare a ɗakin da babu iska. Yana karanta littafin da ta ba shi lami lafiya har ya iso inda aka rubuta cewa Mustapha ya tafi kasuwa. Ya tsaya cak, layin ya yi tsalle. Aka maimaita, aka sake ganin haka.

"Baba, baƙaƙen ne suka yi maka wuya?" in ji ta.

"A'a, 'yata, ina ganinsu sarai."

"To, bisimilla."

"Yaron nan ya tafi kasuwa."

Zakari mahauci ya tuntsire da dariya daga baya. "Malama, ko injin naki zai fashe ba zai faɗa ba! Sunan ɗan farinsa ne."

Ta rufe baki da mayafi. Sannan ta kife littafin, ta miƙa masa alli.

"Baba, kunya baki ta kama. Hannu fa?"

Ya miƙe ya rubuta sunan a allo, baƙi bayan baƙi, kamar yana ɗinka zane a hula, bai ɓata ko ɗaya ba. Layin ya kwanta. Ya tsaya yana kallon rubutun kamar mai leƙen jariri ranar suna, har muka zaci ya manta da mu.

Malaminmu ya ce Almu na nan a ajinmu. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: kada a goge allon sai ya fita.