Gashin Bakin Tarwaɗa

Daga Gyadi-Gyadi har ƙarshen Tarauni, ba a haifi wanda ya fi ni sanin kifi ba. Kifin da na ci a rayuwata, da za a mayar da shi ruwa, sai kogin Wudil ya yi ambaliya. Wannan kuwa gado ne, don kakata, Inna Kande, 'yar masunta ce.

Muna yara, da an idar da isha'i sai mu kewaye murhunta, tana juya kifi a kan waya, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tafe, mai jin barci ya ba wani wuri." Sai Yaya Talatu ta zungure ni, don ni ake nufi.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani kifi, Ramboshi. Wai wata shekara ruwa ya ja baya, Sarkin Ruwa ya ƙirga jama'arsa, bai ga Ramboshi ba. Ya ce a nemo shi, amma cikin 'yan aike ba wanda ya san fuskarsa. Sai Kunkuru ya ce, "Ai Tarwaɗa ɗan baffansa ne. A aro gashin bakinsa guda, a bi gurbi-gurbi ana gwadawa." Haka aka yi. Wani kifin gashin ya yi masa tsawo, wani ya kusa dacewa. Daga nan ban san komai ba. Kullum a nan barci ke sace ni, da ƙaya a hannu.

Bara 'yata Hauwa, wadda ke karatun kifaye a jami'a, ta shigo gida ranta a ɓace. Ta ce ramboshin kogi yana ƙarewa, tana so ta gano ko waɗanda suka rage dangi ɗaya ne da ke ta auren junansu, don in haka ne ba za su daɗe ba. Alamomin gado na cikin jiki da ake gane dangantaka da su, ba ta da na ramboshi, sai ta ari na tarwaɗa, tunda 'yan'uwa ne. Wasu sukan yi aiki, wasu su ƙi.

Na miƙe tsaye. "Gashin baki! Inna ta riga malamanku!"

"Baba, alamomin suna nan. Kifin ne babu. Guntun wutsiya kawai nake nema, ga lokacin miƙa aiki ya matso."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka ta samu.

Wayyo, na sha wuya. Na zaga masu kifin Kano har suka fara ɓuya idan sun hango hulata. Wannan ya ce rabonsa da ramboshin kogi tun yana saurayi, wancan ya ce in dawo damina. A hanya na riƙa tunanin tatsuniyar nan, na ga ashe ba abin dariya Inna take ba mu ba. Abu yana tare da kai kullum a kwano, ba ka taɓa kallonsa da kyau ba, sai ranar da ya ɓata ka koma kana tambayar danginsa kamanninsa. Abin ya ci min rai matuƙa.

A ƙarshe na tafi Wudil, wani ya rantse mini ramboshi ne, na sayo wani ƙato mai rai. Na shigo da shi a baho, ina shelar a buɗe ƙofa. Na tarar Yaya Talatu ta zo ziyara.

Hauwa ta leƙa bahon, ta shafa bayan kifin.

"Baba, ramboshi yana da tudun nama kusa da wutsiya. Wannan tarwaɗa ce. Ta kiwo ma."

Yaya Talatu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ba ka taɓa jin ƙarshen tatsuniyar ba, ko? 'Yan aiken da suka gaji, Tarwaɗan suka kamo suka kai fada, don shi kaɗai gashin ya dace da shi." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Sarkin Ruwa korarsu ya yi. Kai sai ka gode Allah, mu miya za mu yi."