Kwana Tara Ba Ashana

Tun da mutumin ya tsaya gaban teburin Uloma, mai sayar da caja da batura kusa da tashar jirgin Kafanchan, ƙafarsa ba ta daina rawa ba. Dogo ne, leɓɓansa baƙi ƙirin, rigarsa tana ƙamshin busasshiyar citta. Direban babbar mota ne, in ji zuciyarta.

Sigarin lantarki ne a hannunsa, sabo fil. Yana ta danne-danne, lambar ƙarfin wuta tana hawa tana sauka. Ya kai ta arba'in, ya zuƙa, hayaƙi mai ƙamshi ya fito, tari ya sarƙe shi.

"Wannan ai turaren mangwaro ne," ya ce. "Ba ni batir mai ƙarfi."

Ta miƙa masa biyu, ya auna su a tafin hannu, ya ture mara nauyin, ya kai ɗayan baki, yadda ake cizon batirin da ya yi sanyi.

"Oga, kar ka ciza! Ba na rediyo ba ne, zai fashe maka!"

Ya sauke shi a kunyace. "Kwana tara rabona da taba, Madam."

Likita ne ya tsorata shi, ko wani ya yi wa alkawari? Ba ta tambaya ba. Ya biya ya juya, yatsunsa suna laluben bayan kunne, inda mashaya ke maƙala karan taba, amma babu komai.