Hannun da na zura a ramin famfo

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Maman Hanifa mai waina ta shiga tun damina, ga ni. Kunya ce ta rufe min baki.

A ƙasan gidanmu a unguwar Dagenham ta Landan akwai rami da famfon da ke zuƙe ruwa in an yi ruwan sama. Ya daɗe yana gurnani. Rannan ya tsaya cak, ruwa ya taso har gindin buhunan shinkafata. Na naɗe zani, na zura hannu na ɗago ƙwallon nan da ke kunna shi, ya maƙale a datti. Da yankan wuƙa a yatsana. Kashin ɓera kuwa na gan shi a gefe, na share.

Bayan sati sai zazzaɓi, ƙwaurina kamar an doke ni da taɓarya. Na ce maleriya ce, na sha ragowar maganin da na zo da shi daga Kano. Maleriya a Landan, jama'a!

Sai da idona ya yi rawaya, fitsari ya ɗauke, Baban Hanifa ya kai ni asibiti.

Aka ɗebi jini, aka sa drip. Likita ta ce ƙodata na kasawa, ta tambaya ko na taɓa ruwa mai datti ko inda ɓera yake.

Na ce a'a.

Wallahi customers ɗina na tuna. Mai sayar da abinci, a ce ɓera a gidanta?

Hanifa, 'yata, ta kalle ni, ta juya ta zayyana wa likitar komai da Turanci. Na harare ta. Ta ce, “Mama, waina ko ƙoda?”

Ashe ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ne, ya shiga ta yankan yatsana. Aka canza magani, aka yi min wankin ƙoda. Na ji tsoro sosai, na yi kuka.

Alhamdulillah, ƙodar ta dawo aiki. An sa sabon famfo mai murfi, an toshe ramukan ɓera, shinkafar duk mun zubar.

Don Allah ku riƙa zuba bokitin ruwa a ramin famfonku ku ga ko zai tashi. In yana gurnani a canza shi. Kar ku taɓa ruwan babu safar hannu ta roba, kuma kar ku ɓoye wa likita komai.

Na gode wa maigidana da nas-nas ɗin ward. Hanifa, Allah Ya yi miki albarka, na janye hararar.

Wanda zai fasa sayen wainata, na fahimta. Ranar Asabar dai zan ɗora tanda.